Wuyan Ƙyalla a Bayan Magarya

Na kai shekarun da ya kamata mutum ya zauna ya gyara tarihinsa kafin miyagu su lalata shi. Shekarata goma sha bakwai, gashin baki ya fara leƙowa idan aka tsayar da ni a rana aka duba da kyau, kuma na ga duniya: Kazaure kamar bayan ɗakinmu take a wurina, na ci tsire a Babura, har sefa, kuɗin Nijar, na taɓa riƙewa da hannuna. Miyagun da nake nufi su ne ƙanwata Zulai da ƙanena Mudi, waɗanda suke bin gidajen unguwarmu a Roni suna ba da labarin yadda na zama mai zane, ba yadda aka yi ba. Zulai cewa take kuka na yi har aka tausaya min. Mudi cewa yake akuya ce ta koya min. Saboda su, da 'ya'yan da za su haifa su cika wa kunne da ƙarya, na zauna rubutun nan. Ba zan tsaya a kan inda aka haife ni da makarantun da na yi ba, wanda ya matsu ya tambayi Umma. Shekara guda ce ta mai da ni abin da na zama, shekarar da kakata ta koma mahauciya.

Zane dai tun ina ƙarami nake yinsa, a bayan littafi, a jikin bango, a ƙasa, wata rana ma a bayan rigar Mudi yana barci. Ba zan ce da iyawa na fara ba. Akuyar farko da na zana, malaminmu ya duba ya ce teburin ya yi kyau, amma me ya sa na yi masa ƙaho. Sai dai hannu yana sabawa. Da na shiga babbar sakandare na raka Baba Kazaure, na tsare shi a wani shagon littattafai har sai da ya saya min fensir mai taushin baki, irin wanda idan ka danna zai yi baƙi ƙirin, idan ka sassauta ya yi kamar hayaƙi. Ya haɗa min da kilina ta goge fensir da farar takarda mai kauri. Na dawo Roni a bayan babur ina rungume da su, ina kallon mutanen hanya da tausayi, don ba su san wanda ya wuce su ba.

A gidanmu wadda ta fi kowa cancantar a zana ita ce Ƙyalla, akuyar Dada. Dada ita ta haifi Baba. 'Yar Gwiwa ce, gidan masu shanu, idan ranta ya ɓaci Hausa ba ta isarta sai ta koma Fillanci. Ni ne jikanta na fari, don haka Maigida take kirana, ni kuma in ce mata amarya, mu yini tana min gorin ban taɓa kawo cefane ba. Ita ake aikowa a kira idan mace ta rasu a unguwa, ta je ta yi mata wanka, saboda haka ba a wasa da ita a kan maganar Lahira. Ƙyalla kuwa baƙa ce gaba da baya, tsakiyarta fari kamar an ɗaura mata zani, ƙahonta na hagu ya ɗan karkace. Dada ce ta raine ta tun uwarta ta mutu ta bar ta tana layi, kuma a ƙofar ɗakinta take kwana. Idan aka yi ɓarna a gidan nan tsakanina da Ƙyalla, ba a bincike. Ni ne.

Na ɗauki kwanaki ina zana ta, na gama, na kai wa Dada bayan la'asar tana zaune a tabarma tana tsinke zogale.

"Amarya, rufe idonki in nuna miki abin da ba a taɓa gani ba a ƙasar Roni."

"Idan na rufe ido da me zan gani? Miƙo nan."

Ta goge hannu a zani, ta karɓa, ta nesanta takardar da fuskarta, ta daɗe tana kallo. Na ga bakinta ya motsa.

"Ma sha Allah. Maigida, wannan ai Ƙyalla ce."

"Ita ce. Ko kaza aka nuna wa za ta gane."

"Zulai, miƙo min jan biron nan na babanku."

Na gyara tsayuwa, don na ɗauka maki za ta ba ni. Ta cire murfin da haƙori, ta juya takardar yadda kan akuyar zai fuskanci gabas, ta yi bisimilla, ta ja jan layi daga maƙogwaro har ƙeya.

"Dada, me kika yi?"

"Na yanka ta. Ungo abinka."

"Akuyarki ce fa."

"Akuyata ga ta can tana tuƙa. Wannan taka ce, kai ka yi ta. Ranar da aka tsayar da kai aka ce busa mata rai, da me za ka busa? Kai da ko wuta ba ka iya hurawa ba sai ka cika mana gida da toka. Ba zan zauna ina kallo a kunyata min miji a gaban halitta ba."

A nan ne Zulai take cewa na yi kuka. Ban yi ba. Hayaƙin murhu ne ya biyo ni har zaure, ya kuma zauna tare da ni har Baba ya dawo daga sakatariya. Na shimfiɗa masa gawar a gabansa, na kai ƙara. Ya duba zanen, ya duba layin, ya cire hula ya sosa kai.

"Malamai sun yi magana a kan zanen mai rai, wasu sun tsananta, wasu sun sassauta. Ni ba malami ba ne. Amma a gidan nan abin da Dada ta ce shi ne. Ka yi zanenka, ka kai mata. Ranar da na ji ka ɓoye mata ko da ƙadangare ne, fensir ya bar gidan nan. Idan kana son zaman lafiya ka zana itatuwa, su babu mai magana a kansu."

Itatuwa. Na raina wannan shawara har cikin raina. A lokacin, bishiya a wurina sanda ce da gammo a kai, ko ɗan aji ɗaya zai yi ta. Na ci gaba da dabbobina, Dada ta ci gaba da yankanta. Wallahi a wannan shekara ta yanka dabbobi fiye da duk mahautan kasuwar Roni. Ta yanka zabuwa, ta yanka tattabara, ta yanka raƙumi ba tare da kowa ya riƙe mata ba. Na zana jaki na ce ai ba a yanka jaki, ta ce yau an fara. Na zana kifi, na zo mata da fiƙihu, na ce kifi halal ne ba yanka. Ta juya shi sama da ƙasa tana neman wuya, ta ce wancan na ruwa ne, wannan na takarda ne, ta ja masa layi a bayan ido. Maciji ne ya fi ba ta wahala, don duk jikinsa wuya ne, sai ta yanka shi wuri-wuri saboda kokwanto. Mudi ya riƙa bin ta yana roƙon a ba shi kayan ciki. Kada kuma wani ya ɗauka raina maganarta na yi. Akwai ranakun da zan zana ido ya fito da kyau har ya kalle ni, sai tsigar jikina ta tashi, in kai mata da kaina da sauri. Abin da yake ci min rai kawai shi ne, duk wanda ya ɗauki zanena jan layin yake fara gani, daga nan sai dariya.

Ana cikin haka, farkon damina, Dada ta yi sanarwa muna cin tuwo. An yaye takwararta a Gwiwa, 'yar Kawu Bello, ƙanen Baba, kuma ta yi wa yarinyar alkawarin akuya tun ranar suna. Idan aka kawar da amfanin gona Kawu zai zo ya tafi da Ƙyalla. Ta faɗa kamar tana maganar gishirin miya, amma ba ta ƙarasa tuwonta ba. Na je na zazzage zanukan Ƙyalla da nake da su, duk yankakku ne. Akuyar za ta bar gidan, abin da zai rage mana gawarwakinta ne a takarda. A ranar na ƙudura a raina: kafin babur ɗin Kawu ya fita da ita, sai na samu zanenta guda ɗaya ba jan layi, kuma ba a ɓoye ba, a gaban Dada, da yardarta.

Dabarar ba a littafi na samo ta ba. Da damina dabbobi a turke suke saboda shuka, kuma ni ake aike yankan ciyawa. Wata safiya na yi ƙyuyar zuwa nesa, na saro reshen magarya a gindin dutsen da ke hanyar gonarmu, na zo na rataye shi a jikin danga. Ƙyalla ta miƙe a kan ƙafafun baya, ta dafa dangar, ta cusa kai cikin ganye. Na tsaya da lauje a hannu. Ga kai a can sama yana tauna, ga jiki a nan ƙasa, tsakaninsu ganye. Babu wuya. Na yar da laujen na ruga ɗaki. Kafin azahar na gama: na zana akuyar, na zo wurin wuya na cika shi da 'yan da'irori kamar ana gwada sabon biro. Na kai wa Dada ina tafiyar wanda ya ci zaɓe.

"To, amarya, yanka mu gani."

Ta kalla. Ta kalle ni.

"Mene ne wannan ka naɗa mata? Rawani?"

"Ganye ne. Ya rufe wuyan."

"Ganyen wace bishiya?"

"Ganye dai. Na bishiya."

"Babu bishiyar da Allah ya halitta mai suna bishiya. Wannan ba ganye ba ne, wayo ne, kuma wayo ba ya rufe wuya."

Ta yi bisimilla ta ratsa da'irorina da jan layi. Amma da ta miƙo min takardar ba ta saki ba nan da nan.

"Ranar da ka zana ganyen da zan kira sunan bishiyarsa ba ka faɗa min ba, ranar ka zo mu yi magana."

Da na san abin da na jawo wa kaina, da na koma zanen motoci. Washegari na tafi gindin magaryar nan da takarda, ina cewa a raina aikin rabin yini ne. Damina ta ƙare ina can. Da farko ko zama ban iya ba. Ni mutum ne da idan aka ce in zauna wuri guda, ƙafata ce take fara tafiya ta bar ni. Cinnaku suka gane ni, suka sanar da danginsu har na Gwiwa. Ƙaya ta shiga duk inda ƙaya take iya shiga a jikin ɗan'adam, har da wuraren da ba zan rubuta ba saboda 'ya'yan Zulai. 'Yan acaɓa masu wucewa suka fara rage gudu suna kallona. Wata tsohuwa mai itace ta je har gida ta gaya wa Umma a asirce cewa ta ga ɗanta a gindin dutse yana ƙura wa ganye ido yana magana shi kaɗai, a tashi tsaye tun da wuri. Kullum in dawo da shafi cike da ganye in kai wa Dada. Ganye ba ta yanka shi, amma abin da take masa ya fi yanka ciwo.

"Wannan zogale ne?"

"Magarya ce."

"To, ba a gaya mata ba."

Wata rana ta ce kunnen ɓera ne, wata rana ta ce ƙwan ƙadangare. Na roƙe ta ta faɗa min inda na kuskure, ta ce idona biyu kamar nata, nawa ma sababbi ne. Haushi ya sa na daina zana abin da na sani, na koma zana abin da nake gani. Na tsinko ganye ɗaya tak na ɗora a gwiwa. Sai na ga ashe jijiyarsa ba guda ba ce kamar yadda nake ja, uku ne suke tashi tare daga gindi, ta tsakiya ta miƙe, biyun su lanƙwasa su bi gefe. Na ga gindin ganyen ba daidai yake ba, ɓangare ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Na ga samansa yana sheƙi, ƙasansa fari-fari ne mai laushi kamar an barbaɗa gari. Na ga bakinsa da 'yan haƙora ƙanana da sai ka kusa sa hanci za ka gani. Reshen ma ba miƙe yake ba, karkacewa yake dama da hagu, a kowace gaɓa ganye ɗaya, a gindinsa ƙaya biyu, ɗaya a tsaye kamar allura, ɗaya a lanƙwashe kamar ƙugiya. Wannan ta biyun na daɗe da saninta ta wata hanyar, yanzu ne muka gaisa ido da ido.

Gani daban, sa shi a takarda daban. Na koyi fiƙe fensir da reza har bakinsa ya yi tsini kamar ƙayar da zan zana. Na koyi cewa sheƙi ba a zana shi, barinsa ake yi: ka baƙanta kewaye, ka bar farin takarda ya yi aikinsa. Na koyi kwantar da fensir a gefensa in shafa a hankali, in sake shafawa a kai, maimakon in danna sau ɗaya in huta. Na yanka kilina da reza na fitar mata da baki, da shi nake ɗaga jijiyar ganye daga cikin duhu. Na gane ganyen da ke baya dole ya fi na gaba dusashewa, in ba haka ba duk su taru su zama miyar kuka. Gumin hannuna ya ɓata min shafuka da yawa kafin na koyi shimfiɗa wata takarda a ƙarƙashin tafina. Ranar da na ɗago kai na ga inuwar dutse ta juya gabas ban sani ba, ganye biyu kawai na zana, na tsorata da kaina. Na ɗauka na kamu da haƙuri, kuma ban san ko yana da magani ba.

Wata yamma Dada ta dawo daga gidan rasuwa. Wata ƙawarta ce ta rasu, tare aka kawo su Roni suna amare. Ta zauna a bakin ƙofarta ba ta cire mayafi ba. Na zo zan wuce da takarduna, ban yi niyyar nuna mata ba, sai ta miƙo hannu. Hannun yana ƙanshin ɗanyen ganye, na kuma san na mene ne, don da magarya ake wankan. Ta duba shafin ba ta yi min ba'a ba.

"Ka kusa," in ji ta. "Ganyen nan shi zai raka ni, shi zai raka ka, Maigida. Kada ka yi masa ƙarya."



Wannan shafin da ta ce na kusa, shi ne Ƙyalla ta cinye. Na ajiye shi a kan turmi na juya in sha ruwa, na waiwayo na ga kusurwarsa tana shigewa bakinta. A nan Mudi ya samo labarinsa. Ni kuwa na ɗauki abin a matsayin shaida, na ruga wurin Dada na ce ga hukunci daga masaniya, ganyena ya kai akuya ta ci. Ta ce Ƙyalla ko takardar ƙosai ta samu ci take, har da ta jarrabawar Mudi mai sifiri, kada in ɗauki kaina da nisa.

Aka yanke gero, aka fara saran dawa, sai saƙo ya zo daga Gwiwa cewa Kawu yana nan tafe. Na fitar da takarda mai kauri ta ƙarshe da ta rage min. Kullum da safe in rataye sabon reshe a danga, Ƙyalla ta miƙe, in samu abin da na samu kafin ta cinye abin koyi. Ita ma sai da na sake kallonta kamar ban taɓa ganinta ba. Gashinta ba waje ɗaya ya kwanta ba, a kafaɗa ya yi ƙasa, a ciki ya yi baya, a cinya ya yi wani juyi kamar guguwa. Ƙwayar idonta a kwance take, ba zagaye ba. Na bi gashin nan ɗaya bayan ɗaya har yatsuna suka ƙage. Na zo kan reshen na rage gudu. Na sa ganyen da ta gutsura rabi, na sa wanda tsutsa ta huda, na sa wanda iska ta juya ya nuna farin cikinsa. Na bar ƙugiyar ƙaya ɗaya ta kama mata gefen kunne, don haka na gani. Zulai takan leƙo ta ce kafin in gama, akuyar ta haihu a Gwiwa jikokinta sun yi ƙaho. Ban kula ta ba, wanda shi ma sabon abu ne a tarihina.

Kawu Bello ya iso da hantsi, ya jingine babur a zaure, aka gaisa, aka sha fura. Baba bai fita ba ranar. Aka kwanto Ƙyalla daga turke, Mudi yana riƙe da igiya. Na shiga ɗaki na hure garin kilina daga takardar, na fito. Dada tana kan tabarma. Tun kafin in ƙaraso ta ce a miƙo mata biro, ta cire murfin ta riƙe shi a shirye. Na durƙusa na ajiye zanen a gabanta, ban ce komai ba, don sharaɗin ke nan.

Ta daɗe. Kaza ta zo ta wuce ta dawo. Kawu ya buɗe baki zai yi magana, Baba ya taɓa masa gwiwa.

"Magarya," in ji Dada. "Ta gindin dutse ce ma, ganyenta ƙanana ne, ba ta samun ruwa."

Na ji kamar in tashi in zaga gari, amma biron yana nan a buɗe. Ta kawo bakinsa kan ƙahon da ya karkace, ta gangaro ta kunne, ta zo inda wuya ya kamata ya fara, ta tsaya. Ta koma ta kafaɗa ta hauro, ta sake tsayawa.

"Wuyan yana nan. A bayan ganyen yake."

"Ban zana shi ba, Dada."

"Yana nan, na ce. Ga kai, ga ƙirji, a iska suke tsaye?"

Sai ta yi abin da har in mutu ba zan manta ba. Ta sa bakin biron a gefen wani ganye ta ɗan tura, kamar za ta ɗaga shi ta leƙa. Bai ɗagu ba. Ta ɗauki takardar da hannu biyu, ta juya bayanta, ta duba. Fari fat.

Baba ya kama tari irin wanda ba tari ba ne. Kawu ya kifa fuska a hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Dada ta ci gaba da kallon farar takardar, sannan ta faɗi wata doguwar magana da Fillanci wadda har yau Baba ya ƙi fassara min, ta fashe da dariya har tana share ido da bakin mayafi.

"Yaron nan ya sa na je neman akuya a bayan takarda da tsufana."

Ta juyo da zanen, ta sake bin sa da ido daga sama har ƙasa, yanzu a natse.

"Kai daban, jiki daban, tsakani magarya. Abin da ba a haɗa ba, me zan raba?"

Ta mayar da murfin biron, ta danna shi har ya yi ƙara, ta miƙo min takardata fes. Ban yi ihu ba, ni mutum ne mai kamun kai. Katangar gidanmu ce dai na tsinci kaina a kanta ban san yadda na hau ba, kuma maƙwabta sun ce sun ji wani abu har bakin kasuwa.

Aka ɗaure Ƙyalla a bayan babur, tana kuka kamar wadda aka zalunta. Muka raka su har bakin titi, ni da Zulai da Mudi, muna jin kukanta yana raguwa a hanyar Gwiwa. Dada ba ta fito ba. Ta ce rana ta yi zafi, ta shiga ɗaki ta saki labule. Da azahar Umma ta aika mata abinci, aka dawo da shi yadda aka kai. Ina zaune a zaure ina kallon zanena, ina tunanin wane bango ne a ɗakinmu ya isa ya ɗauke shi, sai na ji muryarta daga bayan labule.

"Maigida."

"Na'am, amarya."

"Kawo min ita."

"Wa?"

"Akuyata mana. Ko kai ma Gwiwa za ka kai ta?"

Na ɗauki ƙusa da dutse na shiga. Ta nuna min bangon da ke fuskantar gadonta, saman inda ta jera kwanukanta na fura da nono. Na hau kujera na kafa ƙusar, na rataye, na sauko na ja baya ina jiran yabo. Ta kwanta a gefenta, ta tallafe kai da hannu, ta kalli zanen, ta kalli kwanukan.

"Ƙara matsar da ita sama kaɗan," in ji ta. "Ka san halinta."